Faifai Na Ɗaya

Zuwa ga Baffa Injiniya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga gare ni da Inna da yara. Yaya jiki, yaya kuma kunnen da aka ce yana damunka? Mu nan lafiya lau, sai dai Inna da ciwon ƙafarta.

Na san za ka yi mamaki. Ni ce Auta, ƙaramar 'yar Dogo mai surfani, ɗan baffanka. Rabonka da ni tun ina rarrafe a ƙarƙashin teburin yanka. An ce ba ka riƙe waya, shi ya sa na karɓi adireshinka a wurin Gwaggo.

Tun rasuwar Baba ni ke riƙe da shagon. Injin surfanin da kwamfutar da ka haɗa masa suna nan, da su muke ci. Ka san faifai biyu ne a cikinta: na ɗaya mai tsarin da ke tafiyar da injin, na biyu mai zane-zanen Baba, duk abin da ya zana tun da ya buɗe shago. Kwanan nan na ɗayan ya yi wata ƙara kamar ana taunar tsakuwa, ya mutu. Mai gyara ya cire shi, ya ce an daina yin irinsa. Ya kawo sabon faifai da wani kati da ake sokawa a cikin kwamfutar a jona shi. Muka jona, muka kunna, ta ce ita ba ta ga komai ba. Ya ce ɗan shirin da ke tayar da ita ne bai san katin ba, kuma sai wanda ya rubuta shi zai iya koya masa, in ma yana raye. Na ce yana raye.

Makarantu sun kusa komawa, aikin bajonsu yana hannunmu, ma'aikata suna zaune suna kallona. Amma abin da ya fi hana ni sukuni zanen Baba ne. Ba mu da kwafinsu a ko'ina, kuma a nan babu kwamfutar da ke karanta faifan sai wannan.

Na kwafe maka duk rubutun da ke jikin katin a bayan takardar nan. Ka taimaka, Baffa.

'Yarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Ki yi wa mai gyaranku albishir, ina raye. Lafiya kuwa irin ta tsofaffi ce. Kunnen hagu ya yi ritaya, na dama yana aikin rabin rana. Abin da ya raba ni da waya ke nan, ba girman kai ba kamar yadda Gwaggonki ke yaɗawa. Ki gaishe da Innarki, Allah ya ba ta sauƙi.

Rasuwar Dogo a bakin wani direban mota na ji ta, bayan an daɗe da watsewa. Adireshin nan da aka samo yau saboda kwamfuta, a lokacin ma yana nan, bai motsa ba. Ba da ke nake ba. Na faɗa ne don babu wanda zan faɗa wa. Allah ya jiƙansa.

Mai gyaran bai yi ƙarya ba. Idan aka kunna kwamfuta ba ta san komai ba, ko inda take. Ɗan shirin nan shi ke fara farkawa. Sai ya bi ƙofofin da ake jona faifai, ya ƙwanƙwasa, ya saurari wanda zai amsa, ya ba kowane faifai lamba, sannan ya ɗauko babban tsari daga na ɗaya ya miƙa masa ragama. Daga nan aikinsa ya ƙare. Kowace irin ƙofa da yadda ake yi mata magana, kuma abin da ke koya masa maganar shi ake kira direba. Lokacin da na rubuta shi, ko mafarkin katinki ba a yi ba.

Irin aikin da na ƙare ƙuruciyata a kai ke nan. Da aka sayar da kamfanin da nake yi wa aiki, wani yaro mai ƙamshin turare ya kira ni ofis, ya ba ni kujera, ya ce ilimina yana da muhimmanci ta fuskar tarihi. Na gama digirina na biyu uwarsa ba ta yaye shi ba. Tun daga ranar abin da ake kawo min gyara bai wuce rediyo da fitilar caji ba, shi ma don an san ba na musu.

Zan yi. Ba don an tuna da ni ba, don na ga kin kwafi rubutun katin ba ki tsallake ko harafi ɗaya ba, har da ɗan ɗigon da ke ƙarshe. Dogo ne kaɗai na sani mai irin wannan naci. Kada ki bar kowa ya taɓa faifan zanen kafin ki ji daga gare ni.

Baffanki

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Na ga 'yar takardarki da saƙon Innarki. Ki ce mata na gode, amma ba na buƙatar a zo duba ni, ɗakin bai ɗaukar baƙo. Gado ne da tebur da kwalayen tsofaffin na'urori har rufi, sai wata siririyar hanya zuwa taga. Lafiyata ƙalau. Ban ma san rabon da in ji ta haka ba.

Na sami irin katinki a layin masu tsofaffin kaya. Yaron shagon ya ce, “Baba, jikanka ne ya aiko ka?” Na ce e, don a zauna lafiya. Littafin bayanin katin ya fi matashin kaina kauri, kuma wanda ya rubuta shi bai taɓa nufin wani ya gane ba.

Da farko shirin ya ga katin amma bai ga faifai a bayansa ba. Na sake, na sake, shiru. Na zagi katin, na zagi kamfanin da ya yi shi, na zagi wanda ya sayar min. Ashe faifan ne ba ya amsawa nan take. Sai an tashe shi, an jira ya daidaita ya ce ya shirya, sannan a tambaye shi sunansa da girmansa. Ni kuwa ina ƙwanƙwasawa ina wucewa. Da na sa shirin ya ɗan dakata, sai ga sunan faifan ya fito a kan gilashin kwamfutar, fari tas. Na juya don in nuna wa wani. Babu kowa, kin dai ji yadda ɗakin yake. Na sauka ƙasa na gaya wa mai shagon da ke bakin ƙofarmu, ya ce, “Madalla, Injiniya. Sukarin jiya za a ƙara?”

Ga filashi nan na naɗe a cikin ambulan. Ki soka shi, ki kunna kwamfutar, zai sabunta shirin tayarwa da kansa. Bayan haka za ki ga 'yan layuka. Ki zaɓi wanda ya ce a shirya faifai na ɗaya. Zai share shi tas, ya rubuta tsarin injin a kai. Na biyun babu ruwansa da shi. Na gwada a nan har na gaji, bai taɓa ba ni kunya ba.

Ki rubuto ki gaya min yadda aka yi, ko da komai ya tafi daidai. Mutane ba sa rubutowa sai abu ya lalace.

Baffanki

*

Auta,

Gaisuwa a taƙaice. KADA KI SOKA FILASHIN NAN. In kin soka, kada ki zaɓi komai. Ki kashe kwamfutar ki zare wayarta daga bango.

Yau da safe ina layin asibiti don a duba min kunne, mutumin da ke gabana ya gaji ya tafi. Ma'aikaciyar ta leƙo ta ce na ɗaya ya shigo, sai na ga ni take nufi. A nan na tuna da faifanki.

Ki karanta a hankali. Shirin ba ya sanin faifai da sunansa, lamba yake rabawa bisa wanda ya fara samu. Sabon direban a ƙarshen layi na sa shi, wato tsohuwar ƙofa ake fara dubawa. A da faifan tsari ke fara amsawa a can. Yanzu an cire shi. Wanda ya rage a tsohuwar ƙofa shi ne na zanen Dogo, shi zai zama na ɗaya, sabon kuma na biyu. Abin da na ce ki share ke nan da hannunki.

Ban gani ba a gwajina, domin kafin in fara na cire tsohon faifaina na sa a aljihun tebur, kada wani abu ya same shi. Nawa na killace.

Na bar layin na dawo a guje, in har abin da nake yi yanzu ana kiransa gudu. Na ba mai shago lambar da ke saman takardarki, ya kira, ya sake kira, ya ce a kashe take. Wannan wasiƙar a hannun direban motar safe zan ba da, ba ta gidan waya ba. Maganin abin mai sauƙi ne: ki cire faifan zanen gaba ɗaya, ki bar sabon shi kaɗai, sannan ki shirya shi.

Allah ya sa ta riga ki.

Baffanki

*

Baffa na kaina,

Assalamu alaikum! Muna gaishe ka, mu duka, har da ma'aikata. Da fatan kunne ya yi sauƙi. Inna ta ce in gaya maka ita ma ɗakinta bai ɗaukar baƙo, amma ta fi ka iya karɓarsa.

Baffa, ta tashi! Ranar da ambulan ɗinka ya iso ban ko cire mayafi ba na soka filashin. Na bi abin da ka ce daki-daki. Ta ɗan yi shiru, sai ga tsarin ya hau, injin ya yi 'yar ƙarar nan tasa ta gaisuwa, allurai suka ɗaga. Babban ma'aikacinmu, wanda tun zamanin Baba yake nan, ya cire hula ya rungume injin. Mai gyara ya zo ya gani da idonsa, ya ce, “Hajiya, wannan tsohon naku a ina aka ɓoye shi?” Na ce inda kuka ajiye shi.

Ka yi haƙuri ban rubuto da wuri ba. Aiki ne ya taso mana ka. Wayar shagon ma mun cire ta mun jona abin guga a wurinta, don masu makarantu sun hana mu sakat. Bajon bana sabbi ne, na zana su da kaina ina ta ajiyewa a kwamfutar, kullum sai na ƙara wasu. Injin ba ya hutawa.

Abu ɗaya ya rage, ƙarami ne a wurinka. Idan na buɗe faifai na biyu ba na ganin zanen Baba, sai ya nuna kamar babu komai a ciki. Na ce wa ma'aikata kada su damu, wani ɗan direban ne ya rage Baffa ya ƙara. Babu gaggawa. In ka huta ka aiko.

Yara sun ce a tambaye ka wai da gaske kai ka koya wa kwamfuta magana?

'Yarka mai godiya,
Auta

*

Auta,

Ina gaishe ki. Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya. Taki ta farin ciki ta iso jiya, na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa, mai shago yana tambayata ko rasuwa aka yi.

Yanzu kin riga kin ga tawa, amma zan faɗa ƙarara, kada ki zauna kina fata. Babu direban da ya rage. Faifai na biyu da kike buɗewa sabon ne, babu komai a cikinsa domin ba a taɓa sa komai ba. Tsarin da ke tafiyar da injinki yana zaune ne a kan zanen mahaifinki. Kowane sabon bajo da kika ajiye, a kan wani aikinsa ya kwanta.

Ba duka ne suka tafi ba. Sharewar tana goge jerin sunaye da inda kowane zane yake, ba ta bin su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ba a rubuta wani abu a kansa ba yana nan. Ki kwashe bajonki a filashi, ki kashe, ki cire faifan, ki shirya sabon. Aikinki ba zai tsaya ba. Tsohon kuma ki naɗe shi a tsumma mai kauri ki aiko min, ina da na'urar da za ta karanta shi.

Kada ki ɗora wa mai gyara ko kanki. Abin da na rubuta kika bi, kuma kin bi shi daidai.

Baffanki

*

Auta,

Gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Ni ina nan.

Makarantu sun koma, ina ganin yara suna wucewa ta ƙarƙashin tagata da sabbin riguna. Har na kama kaina ina leƙen bajon ƙirjinsu, ko zan gane hannunki, alhali ban san shi ba.

Ban ji daga gare ki ba. Ba ina ƙorafi ba ne. Na saba da shirun dangi, sai dai wancan ban san dalilinsa ba, wannan kuwa na sani, kuma ban ga wanda ya fi sauƙi ba. Direban motar safe ya rantse min a hannunki ya ba da wasiƙar. Yanzu in ya hango ni a tasha sai ya ɗaga hannu tun daga nesa, alamar babu.

In ba za ki aiko min ba, ki kai wa wani. Amma ki tambaye shi ko ya san yadda zanen surfani ke farawa a cikin faifai, in ya yi jim, ki karɓe kayanki. Abin da nake roƙo ɗaya ne, kada faifan ya ci gaba da juyawa a cikin injin.

Baffanki

*

Baffa,

Muna lafiya. Ga faifan nan.

Ranar da wasiƙarka ta zo na cire shi. Tun lokacin yana cikin akwatin Inna, na kasa aikowa, na kasa bari. Inna ba ta sani ba. Har yanzu takan ce in an sami sarari a fitar mata da furen da Baba ya yi mata a gefen mayafi, na ce to.

Ka ce kada in ɗora wa kaina. Ni na danna, Baffa. Har ma'aikata na kira su zo su gani.

Kada ka rubuto min sai ka gama.

Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa gare ki da Innarki da yara. Kin ce kada in rubuto sai na gama. Na gama.

Na bi faifan daga farko har ƙarshe, ina neman alamar da kowane zane ke farawa da ita. Abin da na tsamo cikakke ya ɗan haura rabi. Wasu sun fito guntaye, kai babu ƙafa. Sauran sun tafi, kuma duk wanda ya ce miki zai dawo da su maƙaryaci ne. Sunaye babu ko ɗaya, lamba kawai na ba su. Akwai furanni da yawa. Ban san wanne ne na Innarki ba, ko ma yana ciki.

Dole na buɗe kowanne a kan gilashi don in tabbatar da lafiyarsa. Ban taɓa kallon aikin Dogo da kyau ba sai yanzu. A da ina ganin ni ne mai ilimi, shi mai allura. Ashe ba ya yanke zare in yana da hanyar da zai bi ya ɓoye shi a ƙarƙashin wani ɗinkin. Wani zanen tun daga farko har ƙarshe zare ɗaya ne. Nakan bi layin da yatsa a kan gilashi in ga inda zai ɓullo, ya kuwa ɓullo inda ban zata ba. Sau da yawa na ce, “Kai, Dogo!” da ƙarfi. Maƙwabciyata ta buga bango.

Na kwafe su a filashi biyu. Ki ajiye ɗaya a gida, ɗaya a shago. Na kuma gyara shirin: yanzu yana nuna sunan kowane faifai da girmansa, kuma ba ya share wanda ya tarar da kaya a ciki sai an rubuta masa sunan da hannu. Kwamfuta ɗaya ce a duniya za ta amfana da wannan, ita ma bayan ta gama yin ɓarnar.

Na mayar da katin cikin kwali, na share teburin. Ba sai kin amsa ba.

Baffanki

*

Baffa,

Muna lafiya, da fatan kai ma haka. Saƙo ya iso.

Furen Inna ba ya ciki. Na gaya mata. Ta yi kwana biyu ba ta yi min magana ba, daga baya ta ce in zana mata wani, ko bai kai ba.

Cikakkun na gane yawancinsu. Guntayen ne suka gagare ni, wasu tun kafin a haife ni aka yi su. Na ɗora ɗaya a injin don in gani. Ya yi ta tafiya, sai allurar ta tsaya cak a tsakiyar ƙyalle. Ga shi nan na sa maka a ambulan. Babban ma'aikacinmu ya ce reshe ne, ni na ce fiffike. Kai ka zauna da Baba a lokacin. Mene ne?

Akwai irinsa da yawa.

Auta

*

Auta,

Lafiya lau. Ki gaishe da Innarki.

Ban sani ba. Na juya shi ta kowace fuska, na sa tabarau, na cire. Na kai wa mai shago, ya ce kifi ne, shi ma bai san komai ba.

Kada ki ƙarasa shi da ka. Na rataye shi a ƙusar da ke jikin taga, inda haske ke faɗa masa da safe, wataƙila in tuna.

Ki aiko na gaba.

Baffanki